Ceton rumbun Yaya: kundin aiki

Litinin, 6 ga Oktoba

Da yammacin yau Yaya ta kawo mini rumbun ajiyar kwamfutarta, ƙaramin nan na tafi-da-gidanka da ake jonawa ta wayar USB, mai ɗaukar terabayit 1. Ta ce kwana uku ke nan da zarar ta jona shi sai kwamfutar ta sandare, folda ɗaya ta ci minti biyar kafin ta buɗe, jiya kuwa ya ƙi buɗewa ɗungurungum. Na tambaye ta ko ya taɓa faɗuwa. Ta ɗan yi shiru, sannan ta ce ya zame daga kan tebur sau ɗaya yana cikin aiki, amma an fi wata biyu, kuma bai nuna komai ba a lokacin.

A cikinsa akwai hotunan gida na shekara goma sha biyu, da takardun aikinta, da wata folda mai ɗauke da murya 64 da ta naɗa tana hira da Mama a shekararta ta ƙarshe, Allah ya jiƙanta. Babu kwafinsu a wani wuri. Rakodar da aka yi naɗin da ita tuni aka goge ta aka cika ta da wasu abubuwa.

Zan fara da rubuta kuskurena, domin ina jin zai biyo ni har ƙarshen wannan aiki. Ina jona rumbun, Windows ta nuna saƙo cewa akwai matsala, a duba a gyara. Na danna. Sai da aka yi wajen minti ashirin ana tafiya, lissafin ya tsaya cak a wuri ɗaya, sannan hankalina ya dawo jikina na katse. Manhajar da ke wannan gyara a Windows, chkdsk, ba ta da laifi, an yi ta ne don rumbu mai lafiya wanda lissafin fayilolinsa ya rikice. Aikinta rubutu ne: in ta ga abin da bai daidaita ba, ta goge shi ko ta sauya masa wuri. A kan rumbun da ya fara kasa karanta kansa kuwa, abin da ta kasa karantawa sai ta ɗauke shi ɓatacce. Na san wannan sarai, gaggawa ce ta ja ni.

Na kara kunnena a jikinsa. Injin yana tashi, fayafayan suna juyawa sumul, babu ƙwanƙwasawa, sai wani ɗan sauti siriri da ke maimaita kansa, alamar yana ta ƙoƙarin karanta wuri ɗaya yana kasawa. Da na ji yana ƙwas-ƙwas tun daga tashi, da ban ƙara ba shi wuta ba, sai dai a kai wa ƙwararru masu ɗaki marar ƙura. Tunda yana tashi kuma kwamfuta tana ganin girmansa daidai, zan gwada da kaina.

Na cire shi, na sa a aljihun tebur. Daga yau ba za a sake rubuta ko bayit ɗaya a kansa ba, kuma ba gyara shi zan yi ba. Kwashe abin da ke ciki zan yi zuwa wani rumbu mai lafiya, duk wani gyara ya zama a kan kwafin.

Talata, 7 ga Oktoba

Ranar shiri ce. Na ɓalle kwanson roba a hankali, na tarar da rumbu mai inci 2.5 da ɗan allon da ke sauya SATA, mahaɗin da rumbu ke jonuwa da shi a cikin kwamfuta, zuwa USB a maƙale a bakinsa. Na yi hamdala, domin akwai waɗanda ake haɗa bakin USB ɗin a jikin allon rumbun kansa, ba a iya raba su. Wannan ɗan allo ba ya jure kuskuren karatu: rumbu ya ɗan jinkirta amsa, sai ya yanke hulɗa gaba ɗaya. Don haka kai tsaye zan jona shi da wayar SATA a cikin babbar kwamfuta.

Na tanadi sabon rumbu mai terabayit 4, domin ya ɗauki kwafi biyu cikakku da sauran fili. Na tayar da kwamfutar daga filashi mai ɗauke da SystemRescue, wani nau'in Linux da ke zuwa da kayan wannan aiki kuma ba ya buɗe rumbu da kansa sai an umarce shi.

Abu ɗaya kawai na nema daga majinyacin yau, wato rahoton S.M.A.R.T., lissafin lafiyar da rumbu ke ajiyewa game da kansa. Na karanta shi da smartctl. A can sama ya rubuta PASSED, wato ya tsallake gwaji, amma lambobin da ke ƙasa suna faɗin wata magana dabam. Lamba ta 5, gurabe (ƙananan yankunan da ake rubuta bayani a kan faifai) da suka lalace aka maye gurbinsu: 1,864. Lamba ta 197, guraben da ya kasa karantawa yana jiran ya yanke musu hukunci: 3,120. Lamba ta 9, awannin da ya yi a kunne: 11,400 da 'yan kai. A 2007 ma'aikatan Google sun fitar da bincike a kan rumbuna fiye da 100,000, inda suka ga cewa rumbun da ya nuna kuskuren farko na dubawa ya ninka sauran sau 39 wajen yiwuwar mutuwa cikin kwana 60, sannan kashi 36 cikin ɗari na waɗanda suka mutu ba su nuna wata alama a wannan rahoto ba. Namu ya nuna, har ya yi kururuwa. Ban sa shi ya yi dogon gwajin kansa ba, domin wannan gwaji yana bin kowane gurbi ne daga farko zuwa ƙarshe, kuma ƙarfin da ya rage masa ba na ɓarnatarwa ba ne.

Girmansa bayit 1,000,204,886,016. Yana nuna wa kwamfuta gurabe masu bayit 512, amma a kan faifan kansa kowane gurbi bayit 4,096 ne. Na rubuta wannan a takarda, domin in ban gaya wa manhajar kwafi ba, kowane gurbi ɗaya da ya lalace za ta gwada shi sau takwas.

Laraba, 8 ga Oktoba

Kayan aikin shi ne GNU ddrescue, wanda Antonio Diaz Diaz ya rubuta. Kada a rikita shi da dd_rescue, wata manhaja ce dabam mai kama da suna. Abin da ya sa na zaɓe shi: manhajar kwafi ta yau da kullum in ta ci karo da gurbin da ya lalace, ko ta tsaya, ko ta tsugunna a wurin tana ta nacin karantawa har rumbun ya ƙarasa mutuwa alhali lafiyayyen ɓangarensa yana can ba a taɓa ba. Shi ddrescue tsallakewa yake yi. Ya fara kwashe mai sauƙi, ya bar mai wuya sai daga baya. Yana kuma rubuta taswira, ɗan fayil da ke nuna matsayin kowane yanki: alamar tambaya ga inda bai gwada ba, tauraro ga inda ya kasa bai datse gefensa ba, alamar ragi ga gurbin da ya tabbata ya ƙi, alamar tarawa ga abin da ya samu. Ko an ɗauke wuta, ko an kashe an bari sai gobe, daga inda ya tsaya zai ɗora.

Kafin babban kwafi sai da na yi tunanin abin da ya kamata ya fara fita. Rumbun a tsare yake da NTFS, kuma a wannan tsari akwai babban rajista da ake kira MFT, inda kowane fayil ke da shafi mai bayit 1,024 da ke ɗauke da sunansa, ranarsa, da wuraren da gutsattsarinsa suke a kan faifai. In rajistan ya tafi, bayanan suna nan amma babu mai suna, kamar ɗakin karatu da aka yage bangon kowane littafi. Na yi amfani da ddru_ntfsbitmap daga cikin kayan ddrutility, wanda ke fitar da iyakar wurin da rajistan yake, da kuma jerin wuraren da ke ɗauke da kaya, don kada a ɓata karatu a kan fili wofi.

Rajistan ya fito cikin minti arba'in, in ban da gurabe 9 da suka ƙi. Kowane ɗaya shafi huɗu ne, ke nan fayiloli har 36 za su iya rasa sunansu. Kayan da ke ciki gaba ɗaya gigabayit 412 ne, ƙasa da rabin rumbun. Wannan ya sauƙaƙa mini zuciya ƙwarai.

Da ƙarfe tara na dare na tayar da zagayen farko, da karatu kai tsaye ba ta ma'ajiyar wucin-gadi ta Linux ba, da girman gurbi 4,096, ba datsewa, ba kankarewa (matakai biyu na bin wuraren da suka ƙi gurbi-gurbi), kuma duk inda gudu ya faɗi ƙasa da megabayit 2 a daƙiƙa a tsallake. Sau uku na karanta umarnin kafin na danna. A ddrescue tushe ake fara rubutawa sannan masauki, in aka juya su, wofi za a zuba a kan abin da ake son ceto. Na kuma kira rumbun da lambar jikinsa maimakon ɗan sunan da Linux ke ba shi, kamar sdb, domin waɗannan haruffa suna iya sauyawa bayan an kashe an kunna.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Gigabayit 306 sun fito zuwa asuba. Na sa ƙaramar fanka tana hura shi, zafinsa bai wuce digiri 36 ba. Na kashe shi ya huta, na kwafe taswirar zuwa filashi.

Juma'a, 10 ga Oktoba

Yau na buɗe taswirar da ddrescueview, wanda ke zana ta da launuka, sai na ga abin da ban lura da shi ba a cikin lambobi. Ba a warwatse ɓarnar take ba. Zane ne mai tsari kamar saƙa: kore mai tsawo, sai gajeren yanki da aka tsallake, sai kore kuma, haka har ƙarshe, kuma kowane tsallake kusan kashi ɗaya bisa uku ne na koren da ya gabace shi.

Wannan samfurin yana da fayafai 2, kowanne ana rubutu a fuskokinsa biyu, don haka allurai 4 ne ke karatu. Rumbu ba ya cika fuska ɗaya sannan ya koma wata. Yana rubuta ɗan yanki da wannan allura, ya koma ta gaba, ya zagayo. Uku suna aiki lafiya, ɗaya ta raunana, ko kuma fuskar da take karantawa ta ƙuje. Lissafin ma ya yi daidai, 306 daga 412 kusan kashi uku ne cikin huɗu.

Ina cewa allura ne don ba ni da kalmar da ta fi ta, amma ba ta taɓa faifan kamar ta garmaho. Shawagi take yi a kan iskar da juyawar faifan ke tasowa, sau 5,400 a minti, tsakaninta da fuskar faifan 'yan nanomita kaɗan, alhali silin gashi ɗaya kaurinsa ya kai nanomita dubu hamsin ko fiye. Ranar da ya zame daga tebur yana juyawa, da alama wannan allura ta dungure faifan. Irin wannan rauni ba ya nuna kansa nan take. Ɗan ɓurɓushin da ya tashi yana yawo a ciki, yana ƙara ƙujewa kaɗan-kaɗan, sai bayan makonni a ga sakamako. Shi ya sa raina ke ɓaci idan na ji ana ba mutane shawarar su buɗe murfin rumbu su duba, ko su ɗan bubbuga shi, ko su sa shi a firji ya kwana. Ƙurar da ido ba ya gani dutse ce a gaban wannan allura, kuma rumbun da ya fito daga sanyi raɓa ce za ta kwanta masa.

Na gwada karanta yankin raunanniyar allurar na awa ɗaya don in san gudunta. Tana karantawa, amma tsakanin kilobayit 200 zuwa 400 a daƙiƙa. Saura gigabayit 106. A wannan tafiya kwana huɗu ne ba dare ba rana, kuma ba ni da tabbacin za ta kai.

Da misalin ƙarfe huɗu rumbun ya ɓace daga kwamfutar baki ɗaya. Gabana ya faɗi. Na kashe komai, na jira minti goma, na kunna, ya dawo. Na ƙara wa umarnin sharaɗi: in aka yi minti biyu ba a samu karatu ko ɗaya mai kyau ba, ya tsaya da kansa.

Lahadi, 12 ga Oktoba

Jiya ban kunna shi ba. Na zauna da kwafin da ke hannu, na fitar da jerin duk fayilolin da ke cikin rajista da fls, ɗaya daga kayan The Sleuth Kit, sannan na kira Yaya.

Na ce, "Yaya, allurar nan ba ta da sauran kwana da yawa. Ba zan iya yi miki alkawarin komai da komai ba. Ki faɗa mini abin da za a fara ɗauka."

Ta ce, "Auta, ai ka sani. Muryar Mama. In ita kaɗai ta fito na gode Allah."

"Bayan ita fa?"

Ta ce hotuna, sannan foldar takardun aiki ta bana. Finafinai da manhajojin da ta tara, waɗanda su ne suka cinye fiye da rabin wurin, ta ce ko sun tafi ba ta da asara.

Ina cikin karanta mata sunayen foldodin hotuna shekara bayan shekara, ta tsayar da ni: ina 2016? Babu ita a jerin. Na sake dubawa, sai na same ta cikin waɗanda aka yi wa alamar an goge, da hotuna 1,900 da ɗoriya a ƙarƙashinta. Yaya ta ce ita ba ta goge komai ba, kuma na yarda da ita. Aikin minti ashirin ɗin nan ne na ranar Litinin. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, tunda an mayar da wurarensu fili wofi a lissafi, jerin da na dogara da shi ranar Laraba ya tsallake su gaba ɗaya. Da ba ta tambaya ba, da na gama aiki ina murna, shekara guda ta hotuna tana kwance a kan faifan ban ko gwada ta ba.

Sa'ar da aka yi, shafukansu a rajista ba a rubuta wani abu a kansu ba, adireshin gutsattsarin yana nan. Na bi da istat, shi ma daga waɗannan kayan, na fitar da lambobin wuraren kowane fayil na foldodin da ta zaɓa, har da 2016. Kowane ƙulli, wato ma'aunin da rajista ke lissafa wuri da shi, bayit 4,096 ne, ɓangaren rumbun da ke ɗauke da fayiloli kuma ya fara ne daga gurbi na 2,048 a lissafin gurabe masu bayit 512, don haka sai an ƙara bayit 1,048,576 a kan kowane lissafi kafin ya dace da adireshin rumbun. Na yi kuskuren wannan ƙari a gwajin farko, na gane da na buɗe wani hoto da na riga na samu na ga farkonsa bai faɗo inda lissafina ya ce ba. Na gyara, na mayar da jerin ya zama sabuwar taswirar iyaka, wadda ke taƙaita karatu ga wuraren da aka zaɓa, da ddrescuelog.

Abin da ya rage na muryoyin megabayit 480 ne kacal daga gigabayit 1.9. Da shi na fara. Minti ashirin da biyar ina zaune ina kallon lambar tana hawa, ban iya tashi ko shan ruwa ba.

Talata, 14 ga Oktoba

Hotuna da takardu sun ɗauki awa goma sha tara, a zama huɗu, da hutu a tsakani. Akwai wani yanki kusa da gigabayit na 210 da ke sa rumbun ya ɓace duk lokacin da aka tunkare shi ta gaba. Na juya karatun ya zo ta baya, ya matso har ya rage megabayit 30 kafin ya fara kasawa. Daga nan na bar shi ya yi datsewa a foldodin da aka zaɓa kawai, wato ya bi kowane yankin da ya ƙi, gurbi-gurbi daga gefe biyu, har ya ci karo da wanda ya lalace da gaske. Yawancin abin da ake zaton ya ɓace a nan yake dawowa, domin a zagayen farko kilobayit 64 ake ɗauka a dunƙule, gurbi ɗaya ya ƙi, duk dunƙulen a ajiye shi gefe.

Bayan datsewa da kankarewa, abin da ya ƙi fita daga foldodin Yaya megabayit 2.1 ne.

Alhamis, 16 ga Oktoba

Tun jiya na sake shi a kan sauran kayan da ba a damu da su ba. Yau da hantsi ina ɗakin na ji ƙwas, bayan daƙiƙa biyu wani ƙwas, sannan injin ya rage gudu ya sake tashi. Ban jira na uku ba, na tsayar da ddrescue na yanke wutar. Rahoton ƙarshe da na karanta da safe ya nuna lamba ta 197 ta haura 9,000, kusan ninki uku na rahoton farko. Karatun da nake yi yana ci masa rai, na san da haka tun farko, shi ya sa aka tsara abin da zai riga wani.

Mafi yawan kayan asali sun fito, ga kuma foldar 2016 a gefe.

Asabar, 18 ga Oktoba

Aiki ya koma kan kwafi. Da farko na yi wa kwafin nasa kwafin, na ajiye na asali ba za a taɓa shi ba, domin ba na jin majinyacin zai iya ba ni wani. Na buɗe na biyun a yanayin karatu kawai. Ya buɗe, foldodi suka bayyana da sunayensu. Foldar 2016 na fitar da ita da icat, fayil bayan fayil, ta lambar shafinsu a rajista.

Saura waɗanda shafukansu suka faɗa cikin gurabe 9 ɗin nan. Su sai da PhotoRec, manhajar Christophe Grenier, wanda kuma shi ya rubuta TestDisk. Ita ba ruwanta da rajista. Tana bin kwafin daga farko tana neman hatimin da kowane irin fayil ke farawa da shi: hoton JPEG da FF D8 FF, takardar PDF da %PDF, takardun Word na zamani da PK domin a ƙunshe suke irin na ZIP. Abin da ta samo ba shi da suna sai lamba, kuma in fayil a warwatse yake a wurare da yawa takan haɗa kansa da jikin wani. Na taƙaita ta ga hotuna da takardu, ta zubo dubbai, mafi yawansu waɗanda nake da su ne. Na lissafa wa kowane fayil hatimin SHA-256, lambar da ke nuna ko fayiloli biyu iri ɗaya ne sak, na cire duk wanda ya yi daidai da wanda ke hannu. Sabbi 29 suka rage. Da exiftool na karanta ranar ɗaukar da kyamara ke rubutawa a cikin hoton, na mayar da kowanne shekararsa.

Litinin, 20 ga Oktoba

Fayil ya buɗe ba shi ne ya fito lafiya ba. Inda ddrescue ya kasa karantawa sifiri ne ke zaune a kwafin, girman fayil ɗin bai canza ba, sunansa na nan, sai an duba ciki a ga ramin. Na sa ddru_ntfsfindbad ya gwama taswirar da rajista ya ba ni sunan duk fayil ɗin da rami ya faɗa a cikinsa. Daga foldodin Yaya: hotuna 37 cikin fiye da 21,000, takardu 2, muryoyi 3.

Na buɗe hotunan ɗaya bayan ɗaya. JPEG daga sama yake zana kansa zuwa ƙasa, kuma kowane yanki yana dogara da wanda ya gabace shi, don haka daga inda ramin yake zuwa ƙasa ko ya zama toka-toka, ko launin ya juye, ko hoton ya goce gefe. Akwai wani da Mama ke zaune a bakin taga, fuskarta da kafaɗarta sun fito tsaf, daga ƙirji zuwa ƙasa kuma toka. Na daɗe ina kallonsa. Na yanke rabin saman na ajiye shi a matsayin hoto mai zaman kansa, na kuma ciro ɗan ƙaramin kwafin da kyamara ke ɓoyewa a farkon fayil, mai 160 a 120. Ƙarami ne ƙwarai, amma ana ganin hannayenta a kan cinyarta.

Muryoyin MP3 ne masu kilobit 128, wato bayit 16,000 a kowace daƙiƙa, gurbi ɗaya ke nan kusan rubu'in daƙiƙa. Biyu daga cikin ukun gurbi ɗai-ɗai suka rasa, in ba an gaya wa mutum ba sai ya ɗauka ɗan tari ne na na'ura. Na ukun ya rasa gurabe 12 a jere, daƙiƙa uku. Ba shiru ake ji a wurin ba, tsalle ake ji, domin manhajar sauraro tana haure sifirin ta kama gaba. A minti na 17 ne. Yaya ta tambaye ta sunayen kakanninta, Mama tana lissafowa a hankali da muryar nan tata mai ɗan rawa, ta faɗi na farko, ta faɗi na biyu, ta ce "ita kuma wadda ta haifi mahaifina sunanta", sai maganar ta yi tsalle ta faɗa tsakiyar dariyar Yaya.

Na kira Yaya na sa mata ta waya. Ta saurara sau biyu. Ta ce ta tuna ranar, ta tuna abin da ya ba ta dariya, amma sunan ya kwanta mata, kuma a cikin waɗanda suka rage a raye ba ta san wanda zai iya faɗa ba.

Alhamis, 23 ga Oktoba

Kwana biyu ina jujjuya maganar. Duk sauran kayan na riga na yi musu kwafi uku: ɗaya a sabon rumbun Yaya, ɗaya a nawa, ɗaya a ma'ajiyar intanet, kuma na gwama hatimin SHA-256 na kowane kwafi sun yi daidai. Abin da za a iya rasawa in na sake kunna majinyacin shi ne damar da ƙwararru za su samu nan gaba in sun sauya masa allurai, domin allurar da ta fara ƙwanƙwasa tana iya kankare fuskar faifan. Na gaya wa Yaya haka ba ɓoye-ɓoye. Ta ce, "Gwada sau ɗaya, Auta. In ka ji wannan ƙarar ka kashe."

Na rubuta taswirar iyaka mai gurabe 12 kacal, bayit 49,152, na sa maimaici uku, na ɗora yatsana a kan makunnin wuta. Ya tashi ba ƙara. Zagayen farko bai ba da komai ba. A na biyu, wanda ya zo ta baya, lambar ta motsa: 4,096, sai 8,192. A na uku wasu uku suka biyo. Ana gab da gamawa na ji ƙwas ɗaya, na kashe. Duka-duka minti shida ya yi a kunne.

Gurabe 5 suka dawo, uku a farkon ramin, biyu a tsakiya. Ukun farko bayit 12,288 ne, kusan kashi uku cikin huɗu na daƙiƙa. Na sake fitar da fayil ɗin daga kwafin, na sa abin sauraro a kunne, na je minti na 17. Bayan "sunanta" yanzu ana jin Mama ta ja numfashi, sannan gaɓa biyu na farkon sunan, sannan tsallen. Na yanko wurin, na rage masa gudu, na tura wa Yaya. Bayan minti goma ta kira, muryarta a shaƙe, ta faɗi sunan cikakke, ta ce tana jin gaɓar farko ya faɗo mata.

Na rubuta sunan a ƙaramin fayil na ajiye kusa da muryar, da bayanin cewa gaɓa biyu daga bakin Mama suke, sauran daga tunanin Yaya. Rumbun na sa shi a jakarsa mai kare shi daga tartsatsin lantarki, na manna takarda a jiki da kwanan wata da gargaɗin kada a kunna, na haɗa da filashi mai ɗauke da taswirar ƙarshe. Gurabe 7 suka rage a wannan murya, hotuna 37 kuma suna nan da raminsu. Yaya ta ce a ba ta zuwa ƙarshen wata ta yanke shawara ko za a kai shi wurin masu sauya allura.